Tarihin Rukunin Jini: Tsagar da Ba Wanzami Ya Yi Ta Ba

Da wuya a sami kalmar da Bahaushe ya ɗora wa kaya kamar kalmar jini. Idan mutum ya sami karɓuwa wajen jama'a sai a ce yana da farin jini, idan kuwa kowa na gudunsa sai a ce baƙin jini gare shi. Mutum biyu da suka shaƙu daga ganin farko, jininsu ne ya haɗu. A nan Daura kuwa, inda ake lissafin sarauta tun daga zamanin sarauniyoyi har zuwa Bawo ɗan Bayajidda, kuma kowane gida ke riƙe da labarin kakansa, maganar jinin sarauta da jinin wane ba ta ƙarewa. Mu marubuta ma mun gaji abin, domin littattafanmu cike suke da gadon asibiti, da likita mai cewa sai an yi ƙarin jini, da gwajin da zai tona asirin wane ne uban wane. To, amma mene ne ainihin abin da ya raba jinin wani da na wani? Amsar da masana suka kai gare ta bayan wahalar shekara da shekaru ita ce: wani ɗan guntun sukari ne da ke manne a bayan jajayen ƙwayoyin jini. Kuma abin da ya rarraba wannan sukari tsakanin al'ummu ya fi kusa da tarihin cututtuka bisa ga tarihin asali.

Wanzamanmu sun daɗe suna hulɗa da jini, amma fitar da shi suka sani, ta hanyar ƙaho da tsaga. Shigar da jinin wani a jikin wani kuwa, Turawa ne suka fara gwada shi, kuma sun sha kashi. A shekarar 1667 wani likitan Faransa mai suna Jean Denis ya ɗura wa wani yaro jinin ɗan rago, yaron ya tsira saboda jinin kaɗan ne, amma da wani mutum ya mutu bayan irin wannan aiki sai hukuma ta hana. Daga 1818 James Blundell na Landan ya koma ga jinin mutum, yana ba matan da jini ya ɓalle musu bayan haihuwa. Wasu suka rayu, wasu suka mutu, ba wanda ya san dalili.

Sai a 1901 Karl Landsteiner, wani likita a birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya warware ƙullin. Ya ɗebi jininsa da na abokan aikinsa, ya raba ƙwayoyin da ruwan jinin, sannan ya riƙa gauraya ƙwayoyin wannan da ruwan wancan. Wani haɗin sai ya zauna lafiya lau, wani kuwa sai ƙwayoyin su dunƙule kamar gudajin kunu. Da ya bi diddigi sai ya ga mutanen sun kasu gida uku, waɗanda a yau ake kira A da B da O. Shekara ɗaya bayan haka abokan aikinsa biyu, Decastello da Sturli, suka gano na huɗu, wato AB. An ba Landsteiner kyautar Nobel a 1930. Har yau idan mai karatu ya je gwajin jini a asibitin Daura, aikin Landsteiner ake maimaita masa: ɗigon jininsa a kan farar tangaran, ɗigon ruwa shuɗi domin neman A, ɗigon ruwa rawaya domin neman B, sai a jira a ga inda zai yi gudaji.

Ba a daɗe ba sai masu son rarraba 'yan Adam suka ga sun sami abin aiki. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin ƙasashe barkatai sun taru a Salonika ta ƙasar Girka, har da baƙaƙen sojojin da Faransa ta ɗebo daga Afirka ta Yamma. Wasu likitoci biyu mata da miji 'yan ƙasar Folan, Ludwik da Hanna Hirszfeld, suka gwada jinin mutum wajen 8,000 a can, suka buga sakamakon a 1919. Sun tarar A ya fi yawa cikin Ingilishi, B kuma ya fi yawa cikin Indiyawa. Binciken ba shi da laifi, amma abin da aka yi da shi yana da laifi, domin a 1926 har ƙungiya aka kafa a Jamus wadda manufarta ita ce a nuna da rukunin jini cewa wani jinsi ya fi wani tsarki. Wannan zamani ne kuma da H. R. Palmer, wanda ya yi Razdan a Katsina kafin ya shugabanci Jihar Arewa, ya buga labarun Daura cikin littafinsa na 1928, shi da ire-irensa suna fassara zuwan Bayajidda da cewa baƙi masu hasken fata ne suka kawo wa baƙar fata tsarin mulki. Abdullahi Smith ya rushe wannan fassara a maƙalarsa ta 1970, inda ya nuna cewa masarautun Hausa daga cikin ƙasar suka tsiro. Jinin ma bai goyi bayan masu wancan ra'ayi ba. Da A. F. Fleming da abokan aikinsa na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka buga ƙididdigar rukunan jinin mutanen Arewa a 1985, an ga kusan rabin jama'a O ne, B kimanin rubu'i, A ƙasa da rubu'i kaɗan, AB kuwa bai kai biyar cikin ɗari ba. Babu rukunin da ya zama na Haɓe ko na Fulani, na gidan sarauta ko na talaka. Ko a cikin zuriyar Sarkin Gwari Abdu da ta watsu zuwa Zango da Ɓaure bayan 1805, ko a cikin zuriyar waɗanda suka karɓi garin a hannunsu, gwaji zai fito da haruffan nan ne dai da kowa ke da su. Kai, har manyan biran dajin Afirka ta Tsakiya suna ɗauke da irin waɗannan alamu.

Rabin ƙarni aka yi ana ƙarin jini ba tare da an san mene ne A ɗin ko B ɗin ba. Waɗanda suka tono shi su ne Walter Morgan da Winifred Watkins a cibiyar Lister ta Landan, da Elvin Kabat a Niyok. Da yake abin da ke bayan ƙwayar jini ya yi ƙanƙanta, sai suka nemo shi a inda yake da yawa, kamar majinar tumbin alade da ruwan ƙarin da ke fitowa a ƙwan mahaifar mata. A 1952 Morgan da Watkins suka lura cewa ruwan jinin wani kifi mai kama da maciji yana dunƙule ƙwayoyin rukunin O, amma da zarar an zuba masa wani sukari mai suna fukos sai ya daina. Ke nan abin da yake kamawa a jikin ƙwayar, fukos ne. Da irin wannan dabara, cikin 'yan shekaru, aka gano sauran.

Ga yadda abin yake, kuma misalin da ya fi sauƙi gare mu shi ne tsagar fuska. Da can, kafin mutum ya buɗe baki, an san Bagobiri ne ko Babarbare daga askar da ke kumatunsa. To, kowace ƙwayar jini ma tana da tata tsagar, sai dai da sukari aka yi ta, ba da aska ba. Ba sukarin shayi muke nufi ba, danginsa ne, kuma ba ruwansa da ciwon sukari. Kusan kowane ɗan Adam yana da tushen tsagar, wato wata 'yar sarƙar sukari da fukos a gefenta, wadda masana ke kira H. Wanda aka bar shi da wannan tushe kawai, shi ne mai rukunin O. Idan aka ɗora wa tushen sukarin galaktos, an sami B. Idan kuwa aka ɗora masa ɗan'uwan galaktos mai dogon suna, wato asetilgalaktosamin, an sami A. Mai AB yana da duka biyun. Bambancin A da B bai wuce ɗan reshe ɗaya a jikin ƙwayar sukari ɗaya ba, amma a kansa mutum ke mutuwa idan an yi kuskuren leda. Abin da mutum ke gada daga iyayensa shi ne wanzamin, wato sinadarin da ke ɗora sukarin. A 1990 Fumiichiro Yamamoto da abokansa a birnin Siyatil na Amurka suka karanta ƙwayar gadon da ke ƙera wannan wanzami, suka ga na A da na B sun bambanta a wuri huɗu kacal, na O kuwa harafi ɗaya ya ɓace masa, saboda haka ba ya aiki sam. Akwai kuma 'yan tsirarun da ko tushen ba su da shi. Dokta Bhende ya gano su a birnin Bombai a 1952, kuma irinsu ko jinin O ba sa iya karɓa sai na irinsu.

Me ya sa jikin mai A ke yaƙar jinin B alhali bai taɓa haɗuwa da shi ba? Jariri ba ya zuwa duniya da waɗannan dakarun nasa na kansa, sai ya yi wata uku zuwa shida suke bayyana. Dalili shi ne ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjinmu suna sanye da sukari masu kama da A da B, sai jiki ya ƙera makami a kan duk tsagar da ba tasa ba. Georg Springer ya nuna haka a 1959 da 'yan tsakin da aka rena a keɓe, waɗanda suka ƙera makamin yaƙar B mai yawa bayan an ciyar da su wata ƙwayar hanji. Wannan ya nuna tun farko cewa sukarin nan yana da alaƙa da cuta, domin ba a jini kaɗai yake ba. Yana bangon hanji da tumbi, kuma kimanin kashi 80 cikin 100 na mutane suna fitar da shi a yawunsu. Ƙwayar cuta kuwa sai ta sami abin kamawa kafin ta shiga.

Cutar da ta fi shafarmu a nan ita ce zazzaɓin cizon sauro. Duk wanda ya yi koyarwa a ƙasar Daura ya san yadda aji ke raguwa daga Agusta zuwa Oktoba, kuma Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin rubu'in masu kamuwa da wannan cuta a duniya. Ƙwayar falsifarum, wadda ita ce mai kisa, idan ta shiga ƙwayar jini sai ta fito da wani abu mai danƙo a bayanta. Da wannan danƙo take manne wa lafiyayyun ƙwayoyi su kewaye ta kamar ƙudaje a kan rake, sai curin ya toshe ƙananan hanyoyin jini. Idan a ƙwaƙwalwa ne ya toshe, shi ne za a ga yaro yana sanƙarewa ya suma, har a ce iska ce ta taɓa shi. A 1992 Carlson da Wahlgren na ƙasar Suwidin suka nuna cewa danƙon ya fi kama sukarin A da na B, shi ya sa curin da ake samu a jinin O ƙanana ne masu saurin wargajewa. A 2007 kuma Alexandra Rowe da abokan aikinta suka buga binciken yara 567 a Bandiyagara ta ƙasar Mali, ƙasar da damunarta gajera ce kamar tamu, suka tarar haɗarin zazzaɓi mai tsanani ya ragu da kashi 66 cikin 100 ga masu rukunin O. Manyan binciken da suka biyo baya a Gambiya da Kenya da Malawi sun tabbatar da kariyar, ko da yake sun same ta ba ta kai haka ƙarfi ba. A lura fa, mai O yana kamuwa da zazzaɓi kamar kowa, kuma yana iya mutuwa da shi. Rangwame ne kawai. Amma ɗan rangwame a kan rayukan yara, idan ya yi ta maimaituwa damina bayan damina tsawon dubban shekaru, ya isa ya sa rukuni ɗaya ya rinjayi saura, kuma masana da dama suna ganin wannan na cikin dalilan yawan O a ƙasashen sauro.

Irin wannan aiki na zazzaɓi an auna shi a maƙwabtanmu. Daga Ɓaure idan aka ratsa Baɓura sai ƙasar Garki, wadda a lokacin tana Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. A can Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da babban binciken zazzaɓi daga 1969 zuwa 1976. Fleming da abokansa sun tarar kashi 24 cikin 100 na jarirai suna da AS, amma a cikin waɗanda suka haura shekara biyar adadin ya kai 29, wato zazzaɓi ya fi ɗaukar masu AA. Jarirai biyu cikin ɗari kuma da SS ake haifarsu, kuma a wancan zamani kaɗan ne ke girma. A nan ya kamata mu tsaya mu raba abu biyu da jama'a, har da masu ilmi, ke cakuɗawa. AA da AS da SS magana ce ta abin da ke cikin ƙwayar jini, ita ce ta shafi sikila, ita ce kuma ake dubawa kafin aure, har Jihar Kano ta mayar da gwajin doka a 2024. A da B da O kuwa magana ce ta abin da ke bayan ƙwayar, kuma ba su hana kowa auren kowa. Harafin A ɗin da ya fito a duka biyun ne ya jawo ruɗanin.

To, idan O na da wannan fa'ida, don me kowa bai zama O ba? Saboda kowane allazi da nasa amanu. Kwalara ta fi tsananta wa masu O. An tabbatar da haka a 1985 a Matlab ta ƙasar Bangaladash, inda aka ga masu O sun fi yawa cikin waɗanda amai da gudawa ya kwantar a asibiti, kuma bakin kogin Ganjis, mahaifar kwalara, yana cikin wuraren da O ya fi ƙaranci a duniya. Mu kuwa annobar kwalara ta wannan zamani ba ta iso Afirka ta Yamma ba sai 1970, ta shigo ta Gini. A 1991 kaɗai an lissafa mutum 59,478 da suka kamu a Nijeriya, 7,654 suka rasu. Wato jinin da ya taimaki kakanninmu a gaban sauro, shi ne ya zama rauni a gaban gurɓataccen ruwa. Gyambon ciki ma ya fi samun masu O, kuma a 1993 aka gano ƙwayar da ke haddasa shi tana kama wani sukari ne mai fukos a bangon tumbi. Masu A sun ɗan fi fuskantar sankarar tumbi, kamar yadda Ian Aird ya nuna a Ingila a 1953, sannan duk wanda ba O ba jininsa ya fi saurin daskarewa a jijiya. Hatta gudawar yara ta rota, wadda Nijeriya ta sa rigakafinta cikin jerin alluran yara a 2022, binciken da aka yi a Burkina Faso a 2014 ya nuna nau'in da ke kama yaro ya danganta da irin sukarin da ke hanjinsa.

Sanin siffar abu daban, iya ƙera shi daban. Haɗa sukari da sukari a ɗakin gwaji aiki ne mai cin rai, domin kowace ƙwayar sukari tana da hannuwa huɗu ko biyar masu kama da juna, kuma kowane ƙulli yana iya fuskantar sama ko ƙasa. Sai an ɗaure duk hannuwan da ba a so, a bar ɗaya, a ƙulla, sannan a kwance sauran ba tare da an ɓata ƙullin ba. Gwanin wannan fage shi ne Raymond Lemieux na ƙasar Kanada, wanda a 1953 ya fara haɗa sukarin shayi da hannu, abin da ya gagari masana shekaru. A 1975, a Jami'ar Alberta, ya haɗa sarƙar sukari uku ta rukunin B da wata 'yar'uwarta ta rukunin Lewis. Amfanin abin ya fito daga baya. Idan aka manna wannan ƙirarren sukari a cikin matata, aka bi da ruwan jinin majiyyaci ta ciki, sai dakarun da ke yaƙar A ko B su maƙale a can. Da irin wannan matata likitocin Suwidin suka fara dashen ƙoda tsakanin masu rukuni daban daga 2001. Wannan ba labarin nesa ba ne gare mu, tun da asibitin koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, kuma sau da yawa ɗan'uwan da ya yarda ya ba da ƙodarsa rukuninsa ne ke saɓawa.

Wasu kuma suka ce, maimakon ƙera tsagar, me zai hana a goge ta? Tun da O shi ne tushe, idan aka yanke sukarin ƙarshe daga A ko B ai an koma O, wanda jajayen ƙwayoyinsa ke shiga jikin kusan kowa. A 1982 Jack Goldstein na Niyok ya yi haka ga jinin B da wani sinadari da ya tatso daga ɗanyen ƙwayar kofi, aka ɗura wa mutane, ba abin da ya same su. Sai dai sinadarin da ake bukata ya yi yawa, kuma A ya ƙi yankuwa. A 2019 Stephen Withers da abokansa a Bankuba ta Kanada suka samo almakashin da ya fi kaifi a jikin wata ƙwayar hanjin ɗan Adam. Aikin yana matakin gwaji, bai zama abin yau da kullum a asibitoci ba, saboda haka a Daura da Mai'aduwa da Sandamu idan jini ya ɓalle wa mai haihuwa, dangi ake tasa a nemo wanda nasa ya dace.

A nan ne muke da 'yar magana da 'yan'uwa marubuta. Alamar ƙari ko ragi da ake rubutawa bayan harafin, wato Rh da aka gano a 1940, ba sukari ba ce, wata alama ce daban. Masu ragi kimanin biyar ne cikin ɗari a ƙasar nan. Uwa mai ragi da ta haifi ɗa mai ƙari tana bukatar allura cikin awa 72, in ba haka ba cikin da zai biyo baya yana cikin haɗari, kuma wani abin da muke kira wabi daga nan yake. Ga mai neman jigon labari, wannan ya fi aljani. Game da tona asirin uba kuwa, rukunin jini yana iya nuna cewa da wuya wane ya haifi wane, amma ba ya taɓa tabbatar da cewa shi ne, domin rabin gari O ne. Uba mai A da uwa mai B, idan kowannensu na ɓoye da O, suna iya haifar 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya, ɗaya A, ɗaya B, ɗaya AB, ɗaya O, duk halattattu. Sannan fitowar nan da muke ƙauna, inda miji ke naɗe hannun riga ya ce a ɗebi jininsa a sa wa matarsa, likitoci ba su sonta ko da rukunin ya zo ɗaya, domin jikin matar yana iya ƙera makami a kan wasu ƙananan alamun jinin mijin, kuma su ne ɗan da za ta ɗauki cikinsa zai gada. Abin da akan yi shi ne a karɓi ledar mijin a ajiye wa wani majiyyaci, ita kuma a ɗauko mata ta wani bawan Allah da ba ta taɓa gani ba.